Kalangun Makau da Barhon Sarkin Fawa

A Bukkuyum, in ka ji kalangu da hantsi ranar kasuwa, ba sai ka tambayi kowa ba: an kayar da sa, kuma Makau ne ke shela. Makau makaɗin mahauta ne, ɗan makaɗin mahauta, jikan makaɗin mahauta. Gajere ne siriri, mai ƙaton maƙogwaro da ke hawa da sauka in yana kiɗa, kafaɗarsa ta hagu kuma ta ɗage sama saboda daɗewa tana matse kalangu. Ko a sahun salla ka hango shi ta baya, da kafaɗar nan za ka gane shi.

Ubangidansa shi ne Sarkin Fawa Dodo. Uban Makau ya yi wa uban Dodo kiɗa, su kuma tare suka tashi a bayan rumfar fawa suna ƙwace wa juna ƙashi. Dodo ƙato ne mai faɗin ƙirji, wanda bai iya magana a hankali ba ko da gaisuwar mutuwa ya je. Tun suna yara ba su taɓa wuni ba su yi cacar baki ba. Dodo ya ce Makau rago ne da Allah ya rufa wa asiri da fatar akuya, Makau ya ce Dodo marowaci ne da ko ƙuda ya sauka a namansa sai ya lashe ƙafarsa kafin ya sake shi. Amma akwai abu guda da faɗa bai taɓa kaiwa gare shi ba, wato wutsiya. Duk san da aka yanka a rumfar Dodo, wutsiyarsa ta Makau ce, kamar yadda uban wannan ya yi wa uban wancan. Ba saye, ba roƙo, ba godiya. In kasuwa ta fara watsewa Dodo zai jefo ta ba tare da ya dubi inda za ta faɗa ba, Makau ya cafe, ya jujjuya ta, ya ce ta rame, Dodo ya ce ai ta yi kama da mai ita. Daga nan kowa ya kama hanyar gida.

Makau gwani ne, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. In ya kaɗa taken ubangidansa, ko yaron goye ya san abin da fata ke faɗi: Dodo na Iya, sara guda, ƙashi ya ba da ɓargo! Sai dai gwanintar ta jawo masa wani abin takaici da bai taɓa gaya wa kowa ba. Ba wanda ke sauraron Makau da kunne. Da ciki ake jinsa. Da ya ɗora gula, sandar kiɗansa, a fata sai yawun gari ya tsinke. An taɓa kiransa wani babban suna a Zugu, ya zage ya yi kiɗan da shi kansa ya san ya yi kiɗa, gumi har cikin ido, da ya sauke kalangu sai wata tsohuwa ta ratso taro ta matso kusa da shi. Ya gyara tsayuwa yana jiran yabo. Tsohuwa ta tambaye shi ko akwai sauran hanta. Maganar nan ta zauna masa a rai shekara da shekaru.

A shekarar 1998, Zamfara tana sabuwar jiha, sai ga wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidan Makau. Wadda ta fito ita ce Malama Rufaida, 'yar Gusau, ma'aikaciyar wata gidauniya mai tallafa wa makaɗa, ana ce mata Gidauniyar Sabon Amo. Gidauniyar ta daɗe tana ba da tallafi a ƙirƙiro sabon kiɗa, sai wata rana masu ita suka waiwaya suka ga abin kunya: duk shekara mutanen nan ne dai 'yan ƙalilan ke karɓa, dukkansu maza, dukkansu 'yan birni, biyu daga ciki ma surukan juna ne. Sai aka ce bana a fita karkara. A samo na Anka, a samo na Gummi, a samo na Bukkuyum. A sa mace, a sa makiyayi. Kada a ɗauko na fada, don su sun riga sun ƙoshi. Haka aka ɗora wa Rufaida wannan kaya, ta yi ta yawo tana tambaya, kowa ta tambaya a Bukkuyum sai ya haɗiye yawu ya ce Makau.

Aka shimfiɗa mata tabarma a zaure, aka gaisa.

"Baba, so muke ka shirya mana sabon kiɗa," in ji Rufaida. "Ku huɗu ne, kai ne jagora. A ɗaki za a yi, mutane na zaune."

"Madalla," Makau ya ce. "Wa za a yi ma?"

"Ba kowa."

"Ba kowa? Mai shi ya rasu?"

"A'a, Baba. Kiɗa ne don kansa. Ba take, ba kirari, ba sunan kowa a ciki. Sharaɗin ke nan, kuma ba a taɓa shi."

Makau ya sosa ƙeya. "To ɗiyata, in anka gama, mi mutane za su saye?"

"Ba abin da za su saya. Saurare kawai za su yi."

Saurare kawai. Makau ya tuna tsohuwar Zugu da hantarta, ya ji wani abu ya motsa masa a ƙirji wanda rabonsa da ji tun yana saurayi. Ya ce ya yarda, tun ba a gaya masa abin da za a ba shi ba.

Sannan Rufaida ta lissafa masa abokan aiki. Daga Anka akwai Hure mai kiɗan ƙwarya, dattijuwar da ta raka rabin matan garinsu ɗakin miji, kuma bakinta ba shi da linzami. Daga wata ruga bayan Zugu akwai Hammadu, Bafulatani mai busa sarewa. Daga Gummi kuwa akwai Sanda, makaɗin masunta. A nan gizo ke saƙa. Kowa ya san mahauta da masunta abokan wasa ne, irin wasan da wani lokaci ya fi faɗa zafi, kuma a cikin mahautan ƙasar nan kaf babu wanda ya riƙe wasan da muhimmanci kamar Dodo, mutumin da ke alfaharin bai taɓa sa kifi a bakinsa ba sai sau ɗaya bisa kuskure.

Labari ya riga Makau isa rumfa. Ya tarar da Dodo yana wasa barho, ƙatuwar wuƙarsa ta fawa, bai ko ɗago ba.

"Na ji za ka zamna tabarma guda da makaɗin masu ƙarni," Dodo ya ce.

"Aiki na, Sarki."

"Aiki? Kalangun da ubana yas sa ma fata, shi za ka kai shi gai da tarwaɗa?"

"Ba tarwaɗa za a yi ma ba. Ba kowa za a yi ma ba."

Da Makau ya sani da ya bar shi a kan tarwaɗa. Dodo ya ajiye barho, ya dube shi sama da ƙasa.

"Wato ka bar Dodo ka koma ma ba-kowa. To madalla. Tahi, ba-kowa shi ba ka wutsiya. Kada in sake ganin kalangunka bakin rumfata."

Makau ya ɗauka irin faɗan da aka saba ne, wanda ke hucewa kafin la'asar. Ranar kasuwa ya zo ba kalangu, ya raɓe a rumfar masu barkono yana leƙe. Da kasuwa ta fara watsewa Dodo ya ɗaga wutsiya sama, ya tabbata an gani, ya ƙwala wa Surajo ɗan kabu-kabu kira ya ce ya zo ya saya. Matsalar ita ce a gidan su Dodo ba a taɓa sayar da wutsiya ba, don haka bai san kuɗinta ba, sai da ya yi ƙoƙarin sassauta murya, abin da bai iya ba, ya tambayi mai saye nawa ake sayarwa. Surajo ya ga banza ta faɗi, ya yanka masa farashin da ko ƙafar kaza ba za ta saya ba, Dodo ya karɓa yana hura hanci. Makau na tsaye yana kallon wutsiyarsa tana lilo a kan babur har ta sha kwana. Mutane suka yi ta dariya, shi ma ya yi 'yar tasa don kada a ce, amma ya ji zafi na gaske. Ba naman ya dame shi ba. Rannan ne karon farko da kasuwa ta tashi ba wanda ya ce masa ya rame.

Aka ba su wani ɗakin ajiya a bayan sakatariya su riƙa gwaji. Ranar farko Rufaida ta ce kowa ya saki jiki ya kaɗa abin da ya zo masa. Abin da ya zo wa Makau kuwa shi ne abin da ya saba zuwa. Kafin a jima sai ga mutane da kwanoni da 'yan kuɗinsu a ƙulle, suna mamakin wa ya yi yanka ranar da ba kasuwa. Rufaida ta fita tana bayani cewa ba nama. Da an kusa yarda da ita, sai Hammadu ya busa sarewa, wata farar saniyarsa da ba ta rabuwa da shi, wadda ya ɗaure a gindin bishiyar bedi, ta tsinke igiya ta zo ta zura kai ta taga. To ga kalangun Makau, ga saniya, wa kuma zai saurari 'yar Gusau? Nan take aka kewaye ta, wannan ya taɓa tozo, wancan ya ce a ajiye masa tumbi. Hammadu ya yar da sarewa ya dira ta taga yana rantsuwa da Hausa da Fulatanci cewa wannan saniya ko uwarsa ba ta isa ta sayar da ita ba. Ana cikin haka Hure, wadda ba ta ga dalilin da zai sa ta daina nata aikin ba, ta ci gaba da dukan ƙwarya, sai ga matan unguwa sun yafo gyale suna tambayar wa ta haihu.

Da ƙura ta lafa Rufaida ta rufe tagogi, ta durƙusa gaban Makau.

"Baba, na roƙe ka don Allah, kada hannunka ya sake faɗin nama."

Ya yi alkawari. Kuma daga ranar hannun ya mutu.

Ba ƙarya ba, mutuwa ya yi. Makau zai rataya kalangu, ya ɗaga gula, ya tsaya. Sauran suka yi ta samun juna. Hure ta kife ƙwarya a kan ruwa ta samo wani amo mai zurfi, sarewar Hammadu ta riƙa zagaya shi, Sanda ya koyi rage hannu ya bar musu wuri. Jagora ne kaɗai ke zaune da gula a sama kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Rufaida ta yi lallashi, ta sayo goro, ta kawo rakoda ta kunna masa kiɗe-kiɗen wasu ƙasashe, ya saurara cikin ladabi ya ce Allah ya ƙara musu basira. Ya koma gida ba ya iya cin tuwo. Ga wutsiya ta tafi, ga abin da ya rasa ta dominsa ya ƙi zuwa.

"Ku bar shi," in ji Sanda. "Makaɗin mahauta na. In ba a kashe wani abu ba, ba shi motsi."

Hure ce ta lura da abin da kowa bai lura ba, don ita aikinta ke nan, lura da abin da ba a tambaye ta ba.

"Makau, mi kaka saurare can hagunka? Kullum ka ɗaga gula sai ka karkata kai awa mai jiran a kira shi."

Ya ce shi bai san yana yi ba. Kuma gaskiya ya faɗa.

Ranar kasuwa ta zagayo, Makau ya taso daga gwaji da kalangu a rataye, ya bi ta bayan rumfuna don kada a gan shi. Yana daidai bayan rumfar fawa sai ya ji barhon Dodo a kan kututture. Sara, sara, shiru, sannan wani sara mai nauyi. Kafin ya yi tunani hammatarsa ta matse tsarkiyar kalangu, gula ta sauka daidai cikin shirun nan. Barho ya sake, kalangu ya sake amsawa. Makau ya dafe fata da tafin hannu ya tsaya cak a bayan danga. Ashe duk rayuwarsa bai taɓa fara kiɗa ba. Dodo ke buɗewa, shi yana cike gurbin da barho ya bari, kuma Dodo a hagunsa yake tsayawa. Ko a sunan Zugu, da ya tuna, ai Dodo aka ɗauka ya gyara ragunan, yana bayan zana yana ta sara.

Da ya gaya wa Rufaida sai fuskarta ta washe. Ta ce gidauniya ba ta taɓa ba mahauci tallafi ba tun da aka kafa ta, wannan kuwa zai faranta wa ofis rai ƙwarai. Saura wa zai gaya wa Dodo. Makau ya ce shi yana da iyali. Hure ta ce a bar mata, a ba ta aron Sanda kawai.

Ta ja shi har bakin rumfar fawa kamar masu wucewa, ta tsaya tana taya tumbi, Sanda kuwa ya ɗaga murya yadda aka koya masa.

"Ni dai na ce masu su bar wahala. Mahauci mi yas sani ga kiɗa? Abin da anka ɗaure mashi da igiya shi kaɗai shika iya ma. A kai shi Gummi gaban masunta a gani, hannu nai sai shi yi rawa."

Barho ya tsaya a sama.

"Gummi za a yi shi?" Dodo ya tambayi Hure.

"Gummi, Sarki."

Washegari sai ga amalanke a ƙofar ɗakin gwaji, ɗauke da kututture, Dodo na biye da shi da barho a hannu. Tun daga bakin ƙofa ya kafa nasa sharuɗɗan. Shi ba maroƙi ba ne, ya zo ne ya kunyata masu ƙarni. Ba zai hau tabarmar da Sanda ya hau ba, ga fatar sa ya zo da ita. Barhonsa ba ya saran itace tsura, sai da ƙashi na gaske, sabo, kullum. Kuma ba ya magana da wancan mai karkatacciyar kafaɗa. Rufaida ta amince da duka, ko da yake ta daɗe tana tunanin yadda za ta fahimtar da ofis dalilin da sabon kiɗa ke cin ƙafar sa kowace rana. Hammadu ya daina zuwa da saniyarsa, kuma ya riƙa juya baya in za a fara. Da yamma a tattara ƙasusuwa a yi farfesu. Kafin a gama gwaji Hure ta yi kumatu.

Magana tsakanin Dodo da Makau kuwa ta bakin Hure take bi, alhali gwiwarsu na kusan taɓa juna.

"Hure, gaya ma wancan ya cika gaggawa."

"Hure, gaya mashi shi ad da nawa."

"Ku ji mani mutane," in ji Hure. "Ni mai ƙwarya ta, ba wayar tarho ba."

Amma kiɗa ya zo. Barho ya buɗe, kalangu ya amsa, kuma da yake an hana shi faɗin nama sai ya shiga faɗin wasu abubuwan da Makau bai san yana da su ba. Ƙwaryar Hure ta riƙe ƙasa, gangar Sanda ta riƙa shigowa tana fita, sarewa ta bi ta samansu. Wani wurin duk su yi shiru a bar barho da sarewa kaɗai, mai yanka da mai kiwo, abin ya yi daɗi har ya ba da tausayi. Rufaida ta gaya wa Makau a gefe cewa in aka yi haka a Gummi, baɗi Kaduna za a kai su, a sake ba shi wani aikin.

Ranar ta zo. Aka yi shi da la'asar a wani ɗakin taro a Gummi. Manyan gidauniya suka zauna a kujerun gaba, rakoda a kan tebur, dattawan gari a bayansu. Masunta kuwa, da suka ji wai Sarkin Fawan Bukkuyum zai yi wasa, suka bar komar kamun kifi da taru suka cika tagogi. Ƙashin ranar a nan Gummi aka saye shi, kuma Allah kaɗai ya san ko da gangan aka zaɓo na wani tsohon bijimi da ya ga zamani. Rufaida ta miƙe ta roƙi jama'a: ba guɗa, ba liƙi, ba tafi sai an gama.

Barho ya sauka. Kalangu ya amsa. Ɗaki ya yi tsit.

Da farko shirun ya ba Makau tsoro, don a saninsa in taro ya yi shiru to an yi ɓarna. Sai ya saci kallo. Ba kwano ko ɗaya. Ba mai laluben aljihu. A layi na biyu akwai wani dattijo mai farin gemu da ya rufe ido, yana gyaɗa kai a hankali, yana bin kalangu duk inda ya karkata. Da kunne yake ji. Makau ya ji idonsa ya yi zafi. Abin da ya yi shekaru yana so ke nan, ga shi ya samu, kuma ya fi yadda ya zata daɗi.

Ana tsakiyar haka ya ji gurbin da barho ke bari ya fara faɗi. A kasuwa Dodo na sara yana hutawa, ya yi ciniki, ya zagi wani, ya ɓantari goro. A nan ba hutu, ga ƙashi kamar dutse, ga shekaru. Makau ya karkata ido hagu. Gumi ya jiƙe rigar Dodo, numfashinsa na fita da ƙyar. Sara na gaba barho ya maƙale a ƙashi, sai da ya girgiza shi kafin ya fito. Da ya ɗaga shi kuma, hannun na rawa. A taga wani masunci ya zunguri na kusa da shi, haƙora suka fara bayyana.

Makau ya san abin da ke tafe. In Sarkin Fawa ya gaza a gaban masunta, a garinsu, labarin zai kai jikoki, kuma Dodo ba zai sake ɗaga murya a kasuwa ba. Ya kuma san maganin, don tun suna samari abu ɗaya ne ke miƙar da hannun nan ko da zazzaɓi yake. Ya dubi Rufaida. Ya dubi rakoda tana juyawa. Ya dubi dattijon da idonsa ke rufe, ya ɗan daɗe yana dubansa. Sannan ya matse tsarkiya iya ƙarfinsa.

Dodo na Iya, sara guda, ƙashi ya ba da ɓargo!

Kan Dodo ya ɗago. Ƙirjin ya buɗe. Barho ya tashi har ya kusa taɓa silin, ya sauko, ƙashin tsohon bijimi ya rabe biyu, wani ɓalli ya yi tsalle ya faɗa cikin ruwan ƙwaryar Hure ya fantsama wa manyan baƙi. Hure ta manta da roƙon da aka yi, ta rangaɗa guɗa. Sanda, a faɗi gaskiya ɗan halak ne, ya bi taken da gangarsa kamar an haife shi a rumfar fawa. Makau ya sake, Dodo ya sake, ɗaki ya rikice, masunta suka yi ta ihu suna zagi suna tafi a lokaci guda. Dattijon nan mai farin gemu ya buɗe ido, ya dubi kututture, ya haɗiye yawu. Makau ya gani. A waje har an fara aikawa gida a kawo kwanoni.

Da aka watse Rufaida ta zo ta same shi yana kwance ɗamarar kalangu. Idonta ya yi ja, ba a san ko na dariya ba ne ko na wani abu.

"Baba, ka san na ji."

"Na san kin ji, ɗiyata."

"Su ma sun ji. Sun ce sharaɗi sharaɗi ne. Ba Kaduna."

"Allah shi sa haka taf fi alheri," Makau ya ce. Ya faɗa ne da gaske.

Can gefe Dodo na naɗe fatarsa, yana haki har yanzu. Ya zura hannu ƙarƙashinta ya jawo wani abu dogo a ƙunshe cikin takardar siminti.

"Hure, gaya ma..." Ya tsaya. Ya yi gyaran murya. "Makau."

Ya jefo ba tare da ya dubi inda zai faɗa ba. Makau ya cafe. Takarda ta buɗe, ga wutsiya.

Hure ta leƙo. "Sarki, wagga ai daga Bukkuyum kat taho da ita, tun ba a yi kiɗan ba."

"Ƙashi tab biyo."

"Ƙashin nan Gummi anka saye shi."

"Ke mai ƙwarya ta, ba alƙali ba," in ji Dodo, yana ta ɗaure fatar da ta riga ta ɗauru.

Makau ya jujjuya wutsiya a hannu.  Dodo ya ba shi baya, amma bai tafi ba, yana jira.

"Ta rame," Makau ya ce da ƙyar.

"Ta yi kama da mai ita," in ji Dodo, kuma wannan ne karo na farko da aka ji ya yi magana a hankali.

A tasha yaron mota ya miƙo hannu zai sa wutsiyar a but tare da kututture. Makau ya hana. A cinyarsa ya riƙe ta, tare da kalangu, har Bukkuyum.